Surukina da Gam Mai Kwana Bakwai

Rabin mutanen da suka zo ta'aziyyar surukina ba su tako ƙofar gidansa ba. A wancan ƙetaren gulbi suka tsaya, kan tudun yashin da ake jiran fito, suka ɗaga hannuwa suka yi masa addu'a, mu kuma muna wannan gaɓa muna amsawa da amin. Tsakiyar damina ce, ruwa ya cika ya batse. Jirgi ɗaya ne tak a mashigin, nasa, kuma yana kife a gindin tsamiya, lulluɓe da jiƙaƙƙun buhuna. Na Allah muke, wurinsa za mu koma, shi dai ya riga mu kama hanya ne.

Gulbin namu ba shi da faɗi sosai, murya tana kaiwa, zurfi da ƙarfi ne suka yi masa yawa. Saboda haka duk abin da aka faɗa a can mun ji shi. Wani tsohon mai goro daga Boɗinga, da aka gaya masa dalilin da ya sa ba za a ɗauko su ba, sai ya fashe da dariya, ya ce dattijon nan ko da ya mutu sai da ya sa su jira. Yana dariyar yana share ido da bakin rawani. Wata mai albasa daga Danchaɗi ta zauna dirshan a yashi tana kuka, tana cewa shekara ashirin yana ƙetare da ita, ko sau ɗaya kwandonta bai jiƙe ba. Malamin asibitin Dandin Mahe kuwa ya ɗaure takalmansa a wuya ya bi ta zagaye, tafiyar rabin yini, ya iso da la'asar ƙafafunsa duk taɓo. Akwai kuma waɗanda suka fusata. Sun ce ba su taɓa ganin gidan makoki da aka bar baƙi a rana ba, alhali ga jirgi can suna hango shi.

Ni na hana a sa jirgin a ruwa. Ba ɗansa ba ne ni, mijin 'yarsa ne, kuma shekara biyar kafin rasuwarsa bai yarda in ɗora ko ɗan yatsa a kan jirginsa ba. Wannan abu ya ci mini rai fiye da yadda na taɓa gaya wa kowa. Don haka na ga gara in rubuta yadda aka yi, tun mutanen da suka san shi suna raye su ƙaryata ni idan na ƙara gishiri.

Malamin firamare ne ni, mutumin Gwadabawa. An turo ni wannan ƙauye na bayan Horo Birni shekarar da farar hula suka karɓi mulki, ina ji da kaina, ina da agogo da keke da Turanci. A jirginsa na fara ƙetarawa. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son magana a kan ruwa. Fito da gyaran jirgi gadonsa ne. Abin da na fara lura da shi a jikinsa farcen babban yatsansa na dama, wanda ba ya yanke shi ƙasa sosai. Da shi yake latsa katako ya gane ko ya fara ruɓa, da shi yake gwada kwalta. Surukata takan ce ya fi yarda da wannan farce a kan shaidu biyu.

Ban taɓa ganin mai nawa irinsa ba. Alwalarsa sai liman ya yi gyaran murya sau biyu. Tuwo kuwa, kowa ya wanke hannu ya tashi shi yana loma ta biyar. Surukata ta ce da gobara za ta kama ɗakinsa, sai ya tsaya neman hula tukuna. Amma tun rani, lokacin da gulbi yake yashi zalla yara na ƙwallo a cikinsa, zai kife jirgi yana bin kowace gaɓar katako, yana cusa tsumma, yana narka kwalta a gwangwani. Idan aka ce masa ai damina da saura, sai ya ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Da manyana suka zo nema mini auren 'yarsa ta biyu, bai tambayi albashina ba, bai tambayi asalina ba. Tambaya ɗaya ya yi: "Shina iya iyo?" Kawuna ya ji kunya ya ce a'a, yaron tudu ne. Sai ya ce, "To, na ba shi. Wanda bai iya iyo ba, ba shi yi ma ruwa wargi." Har yau ban iya iyo ba. Tuƙi dai ya koya mini da kansa, da gora da filafili, har na iya kai jirgi can in dawo da shi ba tare da na juya shi kamar dutsen niƙa ba.

Gam ɗin liƙin jirgi ya zo ne a zamanin siyasa, lokacin da gwamnati ke da hannun kyauta. Wasu ma'aikata suka iso da babbar mota, suka sauke jirgin roba fari fat a mashigi, da kwali ɗaya na gam, bututu goma sha biyu, kowanne kamar na man goge baki amma ya kai kaurin damtse. Jirgin roban damina uku ya yi, rana ta gasa shi ya tsage daga kai har gindi. Gam ɗin ne ya zama dukiya, domin surukina ya ce zai gwada shi a kan nasa na katako. Kwalta tana farfashewa idan katako ya motsa, wannan kuwa an ce yana bin katako duk inda ya lanƙwasa.

Ni aka kira in karanta rubutun jikin bututun, na kuwa karanta da ƙarfi yadda na bayan layi za su ji. Na fassara masa: a kankare wurin, a share ƙura, a matsa, a bar shi kwana bakwai. Ya yi yadda na ce. Bazara ce, irin wadda ko ƙadangare yake neman inuwa. Kwana bakwai suka cika, gam yana nan yana kama yatsa kamar ɗanyen ƙaro. Kwana goma, haka. Kwana goma sha biyar, haka.

Sai masu shawara suka yi caa. Mu a nan duk abin da muka sani da rana yake bushewa, tubali da tukunya da kilishi da barkono. Saboda haka aka ja jirgin aka kai shi tsakiyar fili inda ranar ta fi zafi. Ƙanen surukina, wanda muke kira Baffa, ya barbaɗa masa toka. Wani ya hura wutar kara a gefe. Ni kuma na yanke hukunci irin na masu ilmi, na ce lalatacce ne aka kawo mana, kwanansa ya ƙare tun a kanti. Surukina ya sa aka mayar da jirgin gindin tsamiya, inda yake zamansa, ya ci gaba da bin layin gam ɗin da farce safe da yamma.

Bayan 'yan kwanaki ya lura da abin da ya wuce mu duka. Wajen gindin jirgin, kamar taƙi biyu, gam ya yi tauri, sauran kuwa yana nan ɗanye. A daidai nan yake tsugunawa ya yi doguwar alwalarsa sau biyar a rana, ƙasar wurin kullum da laima. Washegari ya kwaso tsofaffin buhunan algarara, ya tsoma su a ruwa, ya lulluɓe jirgin, ya riƙa yayyafa musu ruwa da buta safe da yamma. Gari ya ɗauka dattijo ya fara ruɗewa, yana jiƙa abu don ya bushe. Ni na fi kowa dariya, har na kai labarin ofishin malamai muka sha shayi da shi. Kwana shida aka yaye buhunan, gam ya kama kamar tayar mota, ko da wuƙa sai ka yi da gaske.

Na tambaye shi yadda aka yi ya gane. Ya ce, "Abin ga ɗan ruwa na, Malam. Ƙishirwa shika ji." Takardar ba ta faɗi haka ba, ko kuma ta faɗa a cikin ƙananan rubutun da ban tsaya karantawa ba. Na fi zaton na biyun.

Daga nan ya kafa wa gam ɗin doka. Ya gano cewa fatarsa ke fara ƙafewa, cikinsa yana biyo baya a hankali, kuma farce kan iya ruɗuwa da fata. Don haka duk ranar da ya liƙe jirgi sai ya ɗiga dunƙule uku na gam a kan guntun katako, kowanne da kaurin na jikin jirgin, ya ajiye su tare a ƙarƙashin buhu. Shaidu yake kiransu. Idan yana son sanin halin da ciki yake, sai ya tsaga ɗaya da wuƙa ya duba. Kwanaki kuma da 'ya'yan tsamiya yake ƙirga su, kullum safiya ya jefa ɗaya a gwangwanin madara. Amma bai taɓa yarda gwangwani ya yanke hukunci ba. Wani lokaci bakwai, wani lokaci tara, sai abin da wuƙa ta nuna. Masu jirage daga nesa suka riƙa zuwa, wasu su yi fushi su tafi saboda jira, su dawo bayan nasu liƙin ya ɓalle. Suna suka sa masa, Mai Kwana Bakwai, ya kuwa amsa.

Sai duniya ta juya. Kaya suka ɓace daga kantuna, soja suka dawo, aka shiga layin sabulu da madara da shinkafa. Ruwan sama ya yi gardama shekara biyu a jere. Gam ba ya samuwa ko a Sakkwato, kwalta ma ta zama abin nema. Bututu uku suka rage masa, ya sa su a tukunya ya binne cikin yashi a ƙuryar ɗakinsa don kada zafi ya kashe su. Ko surukata ba ta isa ta matsar da tukunyar ba idan tana shara.

A shekarar da yunwa ta fi tsanani, ruwa ya makara, da ya zo kuma ya zo da ƙarfi. Rumbuna sun daɗe da ƙarewa, gero bai nuna ba, tafasa da rama ake ci. Matata tana goyon ɗanmu na fari, nononta ya janye, yaron yana kuka har muryarsa ta dishe. Ana cikin haka jirgin ya daki kututture a ƙarƙashin ruwa, gaɓar katako biyu ta buɗe. Surukina ya tono bututu ɗaya ya liƙe, ya ɗiga shaidunsa, ya lulluɓe. Gari ya yanke daga titi, sai masu ƙetarawa da iyo, goran duma a ƙirji, su kuwa saƙo kawai suke iya ɗauka, ba kaya ba.

Rana ta huɗu saƙo ya iso mini cewa rabon malamai ya fito, buhu biyu na masara, direba ya sauke mini su a wancan ƙetaren wajen mai shayi. Ina tsaye ina hango su. Na je na durƙusa gaban surukina na roƙe shi. Ya ce in yi haƙuri kwana uku, ko in nemi jakuna in bi ta zagaye. Na ce masu jakai sun tafi da su neman abinci, kuma buhu a bakin titi a irin wannan shekara ba ya kwana uku. Na ce damina ce, iska da laima, na latsa da kaina na ji ya yi tauri. Ya ce, "Bisa na kal latsa." Ya ɗauki sandarsa ya tafi Juma'a Horo Birni, ya bar ni a durƙushe.

Na yi fushi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina tsohon nan ya fi son katakonsa a kan jikansa. Yana ɓacewa na yaye buhunan, na sa mutum biyu suka taya ni turawa, na ce musu da izininsa. Tafiya lafiya lau, ko ɗigo. Na isa ina jin kaina kamar na ci jarrabawa. Na loda masarata, sai ga mata uku da suka kwana biyu suna jiran fito, da wani dattijo mai akuya, suna roƙo. Na ce su shigo, ai jirgi ya warke.

A tsakiyar gulbi, inda ruwa ya fi ja, na ji sanyi a tafin ƙafata. Na duba, sai ga farin layin ya rabu biyu, ruwa yana tsartuwa ta ciki kamar an huda salka. Nauyi ya sa katako ya motsa, fatar gam ta yage, cikin kuwa ba abin da ya riƙe. Matan suka kama kwarfa da ƙwarya da murfin kwano suna salati. Ruwa ya kai idon sawu, ya kai ƙwauri. Na tuna ban iya iyo ba, na kuma tabbata biyu daga cikin matan ba su iya ba. Da hannuna na mirgina buhu ɗaya cikin gulbi. Da wannan muka samu muka kai inda gora ke taɓa ƙasa, mutanen gari suka shigo suka jawo mu.

Ina zaune a gaɓa jiƙe sharkaf ya dawo daga masallaci. Bai yi sauri ba, ko a ranar. Ya dubi jirgin, ya dubi buhu ɗayan da ya rage yana tsiyaya, sannan ya dube ni.

"Mutum nawa kaɗ ɗauko?"

"Huɗu, Baba."

"Dut sun hito?"

"Sun hito."

Ya yi hamdala. Ya je gindin tsamiya ya ɗauko guntun katakon nan, ya zaro wuƙa ya tsaga shaida ɗaya, ya miƙo mini. Bayanta tauri, cikinta kuwa ya malalo a kan wuƙar kamar kindirmo. Ya ce, "Malam, wanga ba a rubuta shi ga takarda ba?" Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana biyu ya yi yana kankare gam ɗin da na lalata, shi kaɗai. Na ɗauko wuƙa zan taya shi, ya ce in je in huta. Ya tono bututu na biyu. Gari ya ƙara kwana tara a yanke saboda ni, a cikin yunwa. Masarar da ta rage muka shanya a ɗaki kan tabarmi, rabi ta yi fumfuna, muka ci tuwo mai tsami muna godiya. Yaron ya rayu, yana aji ɗaya yanzu. Uwarsa ce ta tuna mini, ba da faɗa ba, dalilin da ya sa babanta ya ba ni ita.

Mijin ɗaya daga cikin matan ya kai ƙara wurin mai gari, yana cewa sai ya kai ni gaban shugabanninmu na ilmi an kore ni. A wannan zamani kuwa korar ma'aikaci ba ta da wuya. Aka tara mu. Kafin in buɗe baki surukina ya ce, "Ranka shi daɗe, jirgina na, surukina na. Wanda ad da magana shi yi da ni." Aka yi aka yi ya ƙara bayani, ya ƙi. Mutane suka ɗauka shi ya ba ni izini, tunda haka na gaya wa waɗanda suka taya ni turawa. Aka bar maganar. Amma a kasuwa an riƙa cewa ashe Mai Kwana Bakwai ma yakan yi kwana huɗu, kuma damina guda masu jirage suka ɗauke masa ƙafa. Ina ji ina gani na yi shiru, domin ina tsoron rasa aikina. Wannan shirun ya fi satar jirgin muni, na sani.

Bai taɓa canza mini fuska ba. Idan ya samu kifi sai ya aiko da mai kyau gidana. Da na yi zazzaɓi, shi ya zauna a ƙofar ɗakina yini guda yana korar masu dogon gaisuwa. Na tura liman ya ba shi haƙuri, surukina ya ce abin ya wuce tun a ranar. Sai dai duk lokacin da na matso kusa da jirgi yana aiki, zai ɗago ya ce, "Malam, ga tabarma can inuwa." Idan zan ƙetare, in zauna a tsakiya kamar kowane baƙo, ko gora ba ya miƙo mini. Ni kuwa ba kalmar yafiya nake nema ba, butar yayyafi nake so ya miƙo mini sau ɗaya. Shekara biyar ina zama a tabarmar nan ina kallonsa, kuma kowane zama yana mini ciwo.

Bana tsohuwar gaɓar ta sake buɗewa, ba laifin kowa, tsufa ne na katako. Ya tono bututu na ƙarshe ya liƙe ranar Litinin. Ranar Laraba da hantsi ya yayyafa wa buhuna ruwa, ya jefa ɗan tsamiya na uku a gwangwani, ya zauna ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi. Kafin azahar ya cika. Da la'asar muka kai shi makwancinsa.

Washegari tudun yashi ya cika da mutane. Baffa, wanda yanzu shi ne babba a gidan, ya ce a yaye buhuna a ɗauko baƙi, ba za a ce gidansu ya wulaƙanta masu ta'aziyya ba. A cikinsu akwai wakilin hakimi da manyan malamai daga Shagari. Ina jin haka na ƙirga, rana ta huɗu ce. Amma wane ni in yi magana a kan jirgin da aka hana ni taɓawa?

Sai matata ta zo ta ce Inna tana kira. Tunda na yi aure ban taɓa zama da surukata mun yi magana ta minti biyu ba. Na tsuguna a bayan zana, tana ciki cikin takaba. Ta turo gwangwanin madara da wuƙarsa ta ƙarƙashin zanan. Ta ce ranar da ya yi liƙin ya riga ya fara jin ƙirjin, ya bar mata saƙo.

"Ya ce in bai kai ba, kai ka duba mashi. Ya ce dut garin ga kai ɗai kas san ɗanye."

Na yi kuka a nan, wanda ban yi ba a maƙabarta.

Na iske Baffa da matasa sun fara janye buhuna. Na ce su dakata. Ya dube ni sama da ƙasa, ya ce baƙin mamaci suna tsaye a rana, kuma ni baƙo ne a gidan nan, in tsaya matsayina. Na laluba ƙarƙashin buhu na ciro guntun katako, shaidu uku suna jere kamar yadda ya saba. Na tsaga ta farko a gabansa, cikinta ya biyo wuƙa.

Na ce, "Baffa, ba ya shiga ruwa yau. Na taɓa sa shi kwana huɗu, kun san abin da yab biyo. Abin da ba ku sani ba, marigayi bai ba ni izini ba. Hana ni yay yi, nij jira yat tahi masallaci nis sace. Shi yad ɗauki kunyata shekara biyat."

Na faɗe shi da ƙarfi yadda na can ƙetare ma za su ji, da muryar da na karanta bututu da ita. Mijin matar nan da ya kai ni ƙara yana tsaye a wurin, ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Baffa ya karɓi wuƙar ya shafa gam ɗin tsakanin yatsunsa, ya daɗe yana murzawa. Sannan ya ce wa matasan su mayar da buhunan, ya taka bakin ruwa da kansa ya ba baƙi haƙuri. A nan ne mai goro ya yi dariyarsa, malaman Shagari kuma suka jagoranci addu'a daga inda suke.

Ni na ci gaba da yayyafi safe da yamma da butarsa, ina jefa 'ya'yan tsamiya. Ranar da gwangwani ya cika bakwai, mutane suka taru suna cewa to, ai ko marigayi ya yarda da bakwai. Na tsaga shaida ta biyu. Ta kama, sai ɗan ɗigo a tsakiya kamar ƙwayar gero, yana danshi. Na ce saura. An yi gunaguni, wani ya ce sabon Mai Kwana Bakwai ya fi tsohon tsanani. Ban ji haushi ba, daɗi ma na ji. Masu zuwa addu'ar uku ma, tun kafin nan, daga tudun yashi suka yi tasu.

Rana ta tara da safe na tsaga ta uku. Sai da na danna da ƙarfi wuƙar ta shiga, ciki da waje abu ɗaya. Muka tura jirgin. Baffa ya miƙo mini gora. Wadda ta fara shiga ita ce matar da ta kwarfe ruwa da murfin kwano a waccan ranar, za ta je awo Boɗinga. Ta zauna daidai kan liƙin, ta ce in dai tsohon ya ce ni, to ni ɗin.

Gam ya ƙare, tukunyar da ke ƙuryar ɗakinsa yashi ne kawai a ciki. Ban san da me za mu liƙe ba idan wata gaɓar ta buɗe, amma na san ba za mu sa shi a ruwa ɗanye ba. Allah ya jiƙan surukina, ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa mutane, ya ƙetare da shi lafiya ranar da kowa ke neman fito, ya yafe mini abin da na ɗora masa.

Da muka kai tsakiyar gulbi, daidai inda na jefar da masarata, na ce wa matar ta ɗan gyara zama. Na sunkuya na bi farin layin da tafin hannuna daga farko har ƙarshe. Hannuna ya dawo a bushe.